Yadda Ake Neman Tallafin Karatu Domin Bincike a Fannin Tsaron Intanet

Ɗalibin da ya kammala digirinsa na farko a kimiyyar kwamfuta, ko lissafi, ko injiniyancin lantarki, kuma yake da burin zurfafa bincike a kan tsaron intanet, yakan fara ne da tattaro dogon jerin sunayen tallafin karatu, sa'an nan ya shafe makonni yana cike takardu ɗaya bayan ɗaya. Kaso mai yawa na wannan wahala a banza yake tafiya, kuma dalilan biyu ne. Na farko, da dama daga cikin shahararrun tallafin wannan fanni an keɓe su ga 'yan ƙasar da ke bayarwa. Na biyu, mafi yawan kuɗin da ake yin digirin digirgir da su a wannan fanni ba sa fitowa da sunan tallafi ko kaɗan, suna hannun malaman jami'a waɗanda suka samo kuɗin gudanar da bincike kuma suke neman ɗaliban da za su yi aikin tare da su. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu tun da wuri zai san inda ya kamata ya zuba ƙarfinsa.

Saboda haka abin da ya kamata a fara karantawa a kowace sanarwa shi ne layin da ya faɗi 'yan wace ƙasa ne za su iya nema, tun kafin a duba yawan kuɗin. Tsaron intanet yana da alaƙa ta kusa da tsaron ƙasa, kuma gwamnatoci suna kashe kuɗi a kansa ne domin su samar wa hukumominsu ma'aikata. Shirin CyberCorps na Amurka, wanda aka kafa a shekarar 2000 kuma hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta ƙasar, NSF, take ɗaukar nauyinsa, yana biyan kuɗin makaranta tare da alawus mai tsoka, amma sai ɗan Amurka ko mai izinin zama na dindindin, kuma wanda ya samu zai yi wa gwamnati aiki na tsawon shekarun da aka ɗauki nauyinsa. Haka tallafin GRFP na masu karatun gaba da digiri na farko na ita wannan hukuma, haka na ma'aikatar tsaron ƙasar. A Birtaniya ma shirin CyberFirst, mai ba ɗaliban digiri na farko fam 4,000 a shekara, na 'yan ƙasar ne. Ɗalibin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba shi da rabo a cikin waɗannan, duk da cewa su ne suka fi yawan fitowa a jerin da ake yawo da shi a WhatsApp.

Inda kuɗin bincike yake

A ƙasashe da yawa na Turai, mai yin digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta ma'aikaci ne da ake ɗauka da kwantiragi a riƙa biyansa albashi duk wata. A Jamus, cibiyar CISPA da ke Saarbrücken, wadda tana cikin manyan cibiyoyin binciken tsaron bayanai a duniya, tana ɗaukar masu bincike daga ƙasashe daban-daban a kan albashi na tsarin ma'aikatan gwamnati. A Bochum akwai cibiyar Max Planck ta tsaro da kare sirri, wadda aka kafa a 2019, kusa da jami'ar Ruhr mai daɗaɗɗen suna a fannin. A Beljiyam akwai rukunin bincike na COSIC na jami'ar Leuven, inda Joan Daemen da Vincent Rijmen suka yi karatu, su ne kuwa suka ƙirƙiro tsarin ɓoye bayanai da Amurka ta amince da shi a 2001 da sunan AES, wanda yau yake aiki a cikin kusan kowace wayar hannu. Holan da Suwidin da Denmak da Suwizalan ma irin wannan tsari na albashi suke bi. Ana tallata waɗannan gurabe ne a matsayin aiki, a shafukan jami'o'in da kuma shafin EURAXESS na Tarayyar Turai, kuma babu wani wata guda da aka ware musu, suna fitowa ne duk lokacin da malami ya samu kuɗi. Yawancinsu suna buƙatar digiri na biyu, ko da yake makarantar horar da masu digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta ta Saarbrücken tana karɓar wanda ya yi fice da digiri na farko kaɗai.

Cikin gurabe na Tarayyar Turai akwai waɗanda ke ƙarƙashin shirin Marie Curie, masu albashi mai kyau, kuma suna da wani sharaɗi da ke taimakon mai nema daga Afirka: dole ne wanda za a ɗauka bai zauna a ƙasar da zai yi aikin fiye da watanni 12 ba a cikin watanni 36 da suka gabata.

A Amurka da Kanada tsarin ya ɗan bambanta, amma tushensa ɗaya ne. Sashen kimiyyar kwamfuta mai ƙarfi idan ya karɓi ɗalibi a digirin digirgir, yakan yafe masa kuɗin makaranta ya kuma ba shi alawus, a madadin taimaka wa malami da bincike ko da koyarwa. A Amurka ana iya shiga kai tsaye da digiri na farko, karatun yakan ɗauki shekaru 5 zuwa 6, kuma yawancin sassa suna rufe karɓar takardu a watan Disamba. A ra'ayina, wanda aka ba shi gurbin digirin digirgir a wannan fanni aka ce ya biya da kansa, gara ya haƙura ya sake nema baɗi, domin sashen da yake son ɗalibi da gaske yakan nemo masa kuɗi. Sai dai a lura cewa dokokin bizar Amurka sun yi ta sauyawa tun daga watan Yunin 2025, lokacin da aka hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Cadi da Sudan, kuma jerin ya faɗaɗa daga baya, don haka a bincika matsayin ƙasar mutum kafin a biya kuɗin neman gurbi.

Birtaniya tana tsakiya. Tun daga shekarar karatu ta 2021 hukumar tallafa wa bincike ta ƙasar, UKRI, ta buɗe wa baƙi ƙofar tallafinta na digirin digirgir, amma ba za su wuce kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka ba, kuma mafi ƙarancin alawus ɗin ya kai fam 20,780 a shekarar karatu ta 2025. Tarkon da ke ciki shi ne tallafin yana biyan kuɗin makaranta ne a farashin ɗan ƙasa, alhali farashin baƙo ya ninka wannan sau da yawa. Wasu jami'o'i suna yafe bambancin, wasu ba sa yafewa, kuma wannan tambaya ce da ake yi a rubuce kafin a amsa tayin. Domin sanin jami'o'in da suka yi ƙarfi a can, a duba jerin waɗanda hukumar tsaron intanet ta ƙasar, NCSC, ta amince da su a matsayin cibiyoyin ƙwarewa a bincike. Royal Holloway, wadda ta fara digiri na biyu a tsaron bayanai tun 1992, tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a harkar.

Neman malami

Tunda kuɗin yana hannun malamai, aikin farko na mai nema shi ne gano malaman da suke yin irin binciken da yake so. Fannin yana da faɗi: akwai ilimin ɓoye saƙo wanda tushensa lissafi ne, akwai tsaron manhaja da gano kurakuran da masu kutse ke bi, akwai tsaron hanyoyin sadarwa, da tsaron na'urori, da kare sirrin mutane, da nazarin yadda jama'a ke mu'amala da matakan tsaro, da kuma sabon reshen da ya shafi ƙirƙirarriyar basira. Wanda ya rubuta cewa yana sha'awar tsaron intanet gaba ɗayansa ya nuna wa malamin cewa bai fara karatu ba tukuna.

A kimiyyar kwamfuta an fi wallafa manyan bincike a tarurruka, kuma na tsaro guda huɗu ne suka fi daraja: taron IEEE na tsaro da kare sirri, da USENIX Security, da CCS, da NDSS. Masu ilimin ɓoye saƙo suna da tarurrukan Crypto da Eurocrypt da Asiacrypt, akwai kuma Africacrypt da aka fara a Kasablanka a 2008. Maƙalun USENIX da NDSS kyauta ake sauke su, haka ma waɗanda ke rumbun ePrint na ƙungiyar masu binciken ɓoye saƙo ta duniya, IACR, saboda haka rashin kuɗin mujallu ba hujja ba ce a wannan fanni. A buɗe jerin maƙalun shekaru biyu da suka wuce, a karanta kanunsu duka, a ware goma ko ashirin da suka ja hankali, sa'an nan a duba sunan da ke ƙarshen jerin marubuta, domin a maƙalun tsaro yawanci shi ne malamin da ya jagoranci aikin. Shafin CSRankings yana sauƙaƙa wannan, don yana nuna malaman kowace jami'a da ke wallafawa a waɗannan tarurruka. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne malamin da bai daɗe da samun aiki ba ya fi tsohon farfesa buƙatar ɗalibai, ya fi amsa saƙo, kuma yakan fi samun lokacin zama da ɗalibinsa.

Saƙon farko ga malami kada ya wuce abin da za a karanta a minti ɗaya. A ce ɗaliba ta karanta wata maƙala a kan damfarar da ake yi ta saƙon tes. Za ta faɗi sunanta da abin da ta karanta a jimla guda, ta ambaci maƙalar da ainihin sashen da ya ja hankalinta, sa'an nan ta ce ta lura duk saƙonnin da aka yi nazari da su na Turanci ne, ita kuwa ta tattara irinsu na Hausa da aka rubuta da gajerce-gajercen kalmomi da gaurayen harsuna, ta gwada hanyar da maƙalar ta kawo a kansu, kuma ga abin da ta samu da inda ta ajiye aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Daga nan sai ta tambaya ko zai ɗauki ɗalibai a shekara mai zuwa, ta haɗa da takardar tarihin karatunta da sakamakonta. Ba a buƙatar dogon kirari, ba a kuma buƙatar labarin halin da gida yake ciki, domin malamin yana neman abokin aiki ne. Idan mako biyu suka wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya, in bai amsa ba a wuce ga na gaba. Wasu malaman sukan rubuta a shafinsu cewa kada a aiko musu da saƙo, a bi ta sashen kawai, wasu kuma sukan saka wata kalma da suke so a rubuta a kanun saƙon domin su gane wanda ya karanta shafin, kuma duka biyun ana bin su kamar yadda aka faɗa.

Misalin nan ya nuna abin da ya fi sakamakon jarrabawa nauyi, wato aikin da za a iya gani. Tun ran gini tun ran zane: wanda yake aji uku a jami'a yanzu ne lokacin da zai fara. Ya zaɓi kundin kammala digiri mai ƙunshe da gwaji na gaske, ya sake gudanar da gwajin wata maƙala da aka wallafa ya rubuta abin da ya gani, ya shiga gasannin warware matsalolin kutse irin su picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon, wanda kyauta ne, ya kuma riƙa rubuta yadda ya warware kowace matsala. Takardun shaidar ƙwarewa irin su Security+ da CEH suna da amfani wajen neman aiki a banki ko kamfanin sadarwa, amma kwamitin digirin digirgir ba ya ba su muhimmanci sosai, don haka kuɗinsu gara a kashe a jarrabawar Turanci. A guji mujallun da ke karɓar kuɗi su wallafa komai cikin mako guda, domin malamai sun san su, kuma ganin sunansu a takardar mutum rage masa daraja yake yi.

Dole a yi gargaɗi a nan. Gwada kutse a shafin wata makaranta ko banki ba tare da rubutaccen izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ko da niyyar mai yin ta alheri ce. Tattara saƙonnin mutane ko lambobin wayarsu domin bincike ma yana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, kuma manyan tarurrukan nan suna tambayar yadda aka samo bayanai da ko kwamitin ɗa'a ya amince. Mai nema da ya yi alfahari a takardarsa da kutsen da ba a ba shi izini ba ya rufe wa kansa ƙofa.

Tallafin da ke da suna

Ga wanda yake buƙatar digiri na biyu tukuna, shirin Erasmus Mundus na cikin mafi dacewa, domin kowa na iya nema, yana biyan kuɗin makaranta tare da yuro 1,400 a wata har zuwa watanni 24, kuma ɗalibi yana karatu a ƙasashe biyu ko fiye. Daga cikin kwasa-kwasansa na tsaro akwai CYBERUS, wanda jami'ar Bretagne Sud ta Faransa ke jagoranta tare da jami'o'i a Luksambur da Burasels. Kwasa-kwasan sukan ƙare ko a sabunta su, don haka a duba kundin shekarar da ake ciki. Chevening na Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, yana buƙatar ƙwarewar aiki ta sa'o'i 2,800, kuma wanda ya samu zai koma gida na aƙalla shekaru 2. Shugabanci da tasiri a cikin al'umma yake nema fiye da bincike, saboda haka ya fi dacewa da ma'aikacin hukuma ko banki fiye da mai son wucewa digirin digirgir nan take. Tallafin Commonwealth kuwa yana da na digirin digirgir, yana buƙatar wasiƙar goyon baya daga malamin Birtaniya da zai duba aikin, wanda ya sake mayar da mu ga maganar neman malami, kuma a Najeriya ana bi ne ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya. Tallafin Commonwealth yana da wani reshe da malaman jami'o'inmu ba su cika amfani da shi ba, wanda ke ba mai yin digirin digirgir a gida damar zuwa Birtaniya na watanni 12 ya yi wani ɓangare na aikinsa. 'Yan Nijar da Cadi ba sa cikin ƙungiyar ƙasashen Commonwealth, sai su duba DAAD na Jamus, da Eiffel na Faransa wanda jami'a ce ke gabatar da sunan ɗalibi, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi.

A cikin Afirka, reshen Carnegie Mellon da ke Kigali, wanda aka kafa a 2011, yana da cibiyar CyLab-Africa mai bincike a kan tsaron hada-hadar kuɗi ta waya da tsarin shaidar ɗan ƙasa, kuma gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai da yawa a can. Mata su duba shirin Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, wanda ke tallafa wa matan ƙasashe masu tasowa da ke digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci. Ƙungiyar ƙwararrun tsaron intanet ta ISC2 tana ba da ƙaramin tallafi na dala 1,000 zuwa 5,000 ba tare da la'akari da ƙasa ba, wanda ba zai riƙe mutum shekara ba amma zai sayi kwamfuta ya biya wasu kuɗaɗe. Irin na Google kuwa an fi yin sa domin waɗanda suka riga suka shiga digirin digirgir, don haka a ajiye shi sai an fara digirin.

Takardar manufa ko tsarin binciken da ake haɗawa da duk waɗannan ita ce inda ɗalibi daga yankinmu yake da abin da wasu ba su da shi. Miliyoyin mutane a nan suna tura kuɗi ta lambobin USSD a ƙananan wayoyi, suna miƙa katinsu ga mai POS, wani lokaci har su faɗa masa lambar sirri domin ba su iya karatun boko ba, ana sace musu layin waya a kwashe asusunsu, ana yaudararsu da saƙon murya cikin harshensu. Mafi yawan binciken tsaro an gina shi ne a kan mai babbar waya, mai karanta Turanci, mai wayar da ba ya rabawa da kowa. Wanda ya ga yadda gida guda ke amfani da waya ɗaya yana da tambayoyin bincike na gaske. Sai dai a mayar da su tambaya ƙarama wadda za a iya aunawa, a faɗi hanyar da za a bi, a nuna an san abin da wasu suka riga suka yi, kuma a haɗa ta da aikin malamin da ake nema. Alkawarin kawo ƙarshen damfarar intanet a Afirka ba ya burge kowane kwamiti.

Wasiƙun shaida guda biyu ko uku ake nema, kuma wasiƙar ƙaramin malami da ya duba kundin ɗalibi ya san aikinsa dalla-dalla ta fi ta shugaban tsangaya da bai taɓa koyar da shi ba. A sanar da su wata biyu kafin ranar rufewa, a ba su takardar manufa su karanta, a kuma tabbatar suna duba adireshin imel na jami'a, domin nan ake aika musu da mahaɗin da za su saka wasiƙar.

Sauran aikin na lissafin lokaci ne da kuɗi. Mafi yawan manyan tallafi suna buɗewa tsakanin Agusta da Janairu domin karatun da za a fara a Satumba mai zuwa, saboda haka takardar sakamako daga jami'a, wadda kan ɗauki watanni kafin ta fito, a fara nemanta tun tsakiyar shekara, tare da fasfo da jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, waɗanda sakamakonsu shekaru 2 yake aiki. Kuɗin neman gurbi a Amurka kan kai dala 100 ga kowace jami'a, amma wasu sassa suna yafewa idan an roƙa, gurabe masu albashi a Turai kuwa yawanci ba a biyan komai. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi zai samo tallafi ɗan damfara ne. Mai zuwa Birtaniya domin bincike a wannan fanni yakan buƙaci takardar izinin gwamnatin Birtaniya da ake kira ATAS kafin ya nemi biza, kuma tana ɗaukar makonni, ga kuɗin inshorar lafiya na fam 776 ga kowace shekarar karatu wanda ake biya gaba ɗaya tun farko. Idan takardar tayi ta iso, kafin a sa hannu a tambaya shekaru nawa aka tabbatar da kuɗin, da wa zai biya biza da tikitin jirgi, da abin da zai faru idan malamin ya koma wata jami'a, sa'an nan a nemi ɗaya daga cikin ɗalibansa na yanzu a ji daga bakinsa yadda aiki da shi yake, da ko alawus ɗin yana isa biyan haya a garin.